Kwamfutar Tace Hoto da Bidiyo: Abin da Za Ka Duba Kafin Ka Biya

Mai koyon ɗaukar hoto yakan daɗe yana tunanin kyamara da gilashinta, bai tuna da kwamfuta ba sai ranar da ya dawo daga hawan sallah ko kamun amarya da hotuna ɗari shida a mamori. Ya zuba su, ya buɗe manhajar gyara, sai kowane hoto ya yi daƙiƙa biyar kafin ya fito sosai, bidiyon kuma yana tafiya yana cijewa, fanka na ta ihu. Daga nan sai ya nufi kasuwa, ko titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, ya ce wa mai shago: "Core i7 nake so." Wannan kalma kaɗai ba ta isa ta zaɓa maka kwamfutar tafi-da-gidanka ba, kuma ita ce ta fi jefa masu koyo cikin asara. Abin da ya kamata ya jagoranci sayayyar shi ne irin fayil ɗin da kyamararka take fitarwa, sai kuma allon da za ka riƙa kallon launi a kai.

Fara da lissafin fayil ɗinka

Idan kana ɗauka a JPEG, kyamara ta riga ta dafa hoton ta matse shi, nauyinsa ba ya wuce megabait 5 zuwa 12, kuma kusan kowace kwamfuta za ta ɗauke shi. Amma wanda yake son ya gyara haske da launi da kyau, a RAW yake ɗauka, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta dafa ba, domin RAW na riƙe bayanan launi a bit 12 ko 14, JPEG kuwa bit 8 ne kawai. Shi ya sa za ka iya dawo da zaren aikin farar babbar riga da rana ta ƙone a RAW, a JPEG kuwa ya tafi ke nan. Kyamara mai megafiksel 24 tana fitar da RAW na kusan megabait 25 zuwa 30. Mai megafiksel 45 tana kai 50 ko fiye. Biki guda da aka ɗauki hoto 1,500 a megabait 30 ya cinye gig 45.

Bidiyo ya fi haka ci. Kyamarori da yawa suna ɗaukar 4K a megabit 100 cikin daƙiƙa, wato megabait 12.5 a daƙiƙa, 750 a minti, gig 45 a awa ɗaya. Ka haɗa hotunan bikin nan da bidiyon awa biyu, ka sami gig 135 daga aiki guda. Kwamfuta mai ma'ajin gig 256, wanda Windows da manhajoji suka riga suka cinye kusan sulusinsa, ba za ta ɗauki biki biyu ba.

Kafin ka fita daga gida, buɗe saitin bidiyo na kyamararka ka rubuta abu uku: girman hoton, 1080 ne ko 4K, tsarin matsi, H.264 ne ko H.265 wanda ake kira HEVC. Da zurfin launi, bit 8 ne mai 4:2:0 ko bit 10 mai 4:2:2. Wannan takarda za ta yi maka amfani fiye da duk shawarar da za a ba ka a shago, za mu dawo kanta a wajen katin girafik.

Allo ne ba ya canzuwa

RAM, wato mamorin da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin, ana ƙarawa a kwamfutoci da yawa, ma'aji ana sauyawa, batir ana sayen sabo. Allo kuwa, yadda ka saye shi haka za ka zauna da shi. Kuma shi ne abin da masu saye suka fi rainawa, domin a shago duk allon da aka kunna yana kyau.

Abu na farko, nau'in allon. Akwai TN, akwai IPS, akwai OLED. TN shi ne na tsofaffin kwamfutocin ofis da masu araha. Gane shi ba wuya: buɗe hoton fuskar mutum, ka ɗan karkatar da murfin gaba da baya. Idan fuskar ta yi fari fat a wani kusurwa, ta koma duhu a wani, TN ne, ka ajiye shi ko da nawa aka rage maka. A kan irin wannan allo ba ka da tabbacin hasken da kake gani, domin yana canzawa da yadda ka zauna. IPS yana riƙe launinsa ta kowane gefe, shi ne mafi ƙarancin abin da za ka yarda da shi. OLED yana da baƙi na gaske da launi mai ƙarfi, amma yana ƙyalli kamar madubi, kuma idan ba ka sa shi a saitin sRGB ba zai nuna maka launi ya fi yadda yake cika.

Abu na biyu ya fi ɓuya: yawan launukan da allon zai iya nunawa. Ma'aunin da intanet da yawancin wayoyi da ɗakunan wanke hoto suke aiki da shi sunansa sRGB, kuma kana buƙatar allo mai nuna kusan kashi 100 nasa. A takardar bayanin kwamfuta za ka ga ɗaya daga cikin waɗannan: 45% NTSC, 72% NTSC, 100% sRGB, ko 100% DCI-P3. 72% NTSC daidai yake da cikakken sRGB a kusance. DCI-P3 ya fi shi faɗi, ya yi kyau. 45% NTSC kuwa kusan kashi 60 zuwa 65 na sRGB ne kawai yake nunawa, kuma abin takaicin shi ne irin wannan allo ya cika a ƙananan kwamfutocin gem, waɗanda ƙarfinsu ke jan hankalin masu tace bidiyo. IPS ne, yana da sauri, an rubuta 144Hz a jikinsa, amma launinsa a koɗe yake.

Ga abin da ke faruwa a aikace. Ka ɗauki hannun amarya da jan lalle a kan leshi mai ruwan hoda. A allo mai 45% NTSC jan ya fito kamar ruwan ƙasa, sai ka ƙara masa ƙarfin launi har ya yi maka daidai a ido. Ka tura wa dangin amarya, su buɗe a wayarsu mai allo mai kyau, sai lallen ya zama ja wur kamar fenti, fatar hannun ta koma ruwan lemo. Fatar baƙin mutum ta fi saurin lalacewa da wannan kuskure, domin ɗan ƙarin ja ko ruwan ɗorawa kaɗan ke raba fata mai sheƙi da wadda ta yi kamar an shafa mata wani abu. Kyamara ba ta yi laifi ba, idonka ma bai yi ba, allon ne ya ɓoye maka launin da ke nan tun farko.

Kamfani ɗaya yakan fitar da samfuri ɗaya da allo iri biyu ko uku, don haka sunan kwamfutar bai isa shaida ba. Sa ƙaramar manhajar HWiNFO a filas ɗinka, ka buɗe ta a kan kwamfutar, ka duba sashen allo, za ta nuna maka lambar allon kansa. Bincika lambar a intanet, bayanin launinsa zai fito.

Sauran biyun masu sauƙi ne. Kada ka sayi allo mai fiksel 1366 a 768, ko rabin kayan aikin Lightroom, manhajar gyaran hoto, ba zai nuna maka ba. 1920 a 1080 ne farko, mai tsayin 16:10 ya fi ba da fili. Haske kuma, da nit ake auna shi, nit 300 ya wadatar a ɗaki, 400 ya fi idan kana aiki a waje ko kusa da taga. Inci 15 ko 16 ya fi daɗin aiki, inci 14 ya fi daɗin ɗauka.

Idan kuɗinka bai kai ga ƙarfi da allo mai kyau a tare ba, akwai mafita ɗaya: sayi mai ƙarfin, ka haɗa ta da allon tebur na IPS inci 24 mai cikakken sRGB ta wayar HDMI, ka riƙa yanke hukuncin launi a kansa kawai. Sai dai ka tuna shi allon tebur ba shi da batir, idan aka ɗauke wuta ya tafi.

RAM da ma'aji

Gig 8 na RAM ya yi kaɗan a yau. Windows 11 da burauza sun cinye fiye da rabi kafin ka buɗe komai. Idan RAM ya cika, kwamfuta sai ta koma ajiye ragowar a ma'aji, nan ne nawa ke farawa. Gig 16 ya isa ga Lightroom da Photoshop da bidiyon 1080, har da 4K mara nauyi. Gig 32 ne kwanciyar hankali ga mai 4K kullum, ko mai kyamarar megafiksel 45, ko mai haɗa hotuna da yawa su zama fanorama.

Tambayar da ta fi adadin muhimmanci ita ce: ana iya ƙarawa? Siraran kwamfutoci da yawa an like musu RAM a jikin bod, ba a cirewa. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Performance, ka zaɓi Memory, ka duba layin da ke nuna ramuka nawa ake amfani da su. Idan da hali a buɗe maka ƙasanta ka gani da idonka. Sanda biyu masu gig 8 sun fi sanda ɗaya mai gig 16 sauri, musamman a kwamfutar da ba ta da katin girafik na daban.

A ma'aji kuwa babu dogon zance. Tsohon had-dis mai juyawa yana karanta kusan megabait 100 zuwa 150 a daƙiƙa, SSD na SATA kusan 550, SSD na NVMe kuma daga 2,000 zuwa 3,500, sababbin ma sun ninka haka. Nemi NVMe na gig 512 aƙalla, terabait 1 idan kana bidiyo. Wasu kwamfutocin inci 15 da 16 suna da ramin M.2 na biyu, wato wurin sa wani SSD. Wannan babbar riba ce, domin za ka sa manhajoji a ɗaya, aikinka a ɗaya. Kada ka bar SSD ya cika maƙil, bar masa kamar kashi 15 zuwa 20, idan ba haka ba saurin rubutunsa yana raguwa.

Yadda ake karanta sunan furosesa

i5 da i7 sunan aji ne kawai. Abin da ke bayan layin shi ne labarin. A i7-7500U, lambar 7 ta farko tana nufin zubi na bakwai, kuma ƙwayoyin aikinsa (cores) biyu ne kacal. i5-8250U, wanda sunansa ya fi ƙanƙanta, zubi na takwas ne mai ƙwaya huɗu, kuma zai riga wancan gama fitar da hotuna. i7-12700H yana da ƙwaya 14. Duka ana iya kiran na farko da na ƙarshe "Core i7" a baki, amma tsakaninsu akwai tafiyar kwana da kwanaki.

Harafin ƙarshe kuma yana faɗa maka wutar da aka ba shi. U na masu tsimin batir ne, kusan wat 15, an yi su don ofis. H na masu aiki mai nauyi ne, kusan wat 45, HX ya fi haka. Mai hoto zalla zai iya zama da U na zubi na 11 ko 12 zuwa sama. Mai bidiyo ya nemi H. A ɓangaren AMD, Ryzen 5 5600H mai ƙwaya shida da Ryzen 7 5800H ko 6800H masu ƙwaya takwas duk suna aikin nan da kyau. Yi hattara da Ryzen 5 7520U: lambarsa ta fara da 7 kamar sabo, amma tsohon gini ne mai ƙwaya huɗu.

Akwai iyaka ta ƙasa da bai kamata ka sauka ba. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 a hukumance tana neman Intel na zubi na takwas zuwa sama. Ana iya tilasta ta a kan tsofaffi, amma sababbin manhajojin gyara suna barin irin waɗannan a baya ɗaya bayan ɗaya.

Katin girafik da takardar nan da ka rubuta

Ga gyaran hoto na yau da kullum, girafik ɗin da ke cikin furosesa, irin Iris Xe na Intel ko Radeon 680M na AMD, yana wadatarwa. Inda yake gazawa shi ne sababbin kayan aiki masu amfani da ƙirƙirarriyar basira, kamar Denoise da Adobe ta sa a Lightroom a 2023 don share tsakin da ke fitowa a hoton dare. Hoto ɗaya da katin NVIDIA zai gama cikin daƙiƙoƙi, ƙaramin girafik zai iya yin mintoci a kansa. Wanda yake ɗaukar dina da walimar dare a ISO 3200 ko 6400 zai ji wannan bambanci a kowane aiki.

A bidiyo, manhajar DaVinci Resolve ta dogara ne sosai a kan katin girafik da mamorinsa. RTX 3050 mai gig 4 zai yi 1080 lafiya, ya taɓa 4K da ƙyar. Da zarar ka jera gyaran launi da share tsaki sai saƙon cikar mamori ya fito. RTX 3060 mai gig 6 ko RTX 4060 mai gig 8 su ne daidai ga mai 4K. Ƙananan katuna irin MX250 da MX350 kada su ruɗe ka, suna ne kawai.

Yanzu ɗauko takardar. Idan kyamararka tana ɗaukar H.265 mai bit 10 da 4:2:2, kamar yadda Canon R5 da R6 da Sony A7 IV suke iya yi, to ƙarfi kaɗai ba zai cece ka ba. Irin wannan fayil yana buƙatar wani ɓangare na musamman a cikin na'urar da zai warware matsinsa. Intel daga zubi na 11 yana da shi a cikin Quick Sync, sashen bidiyo na furosesansa, furosesocin Apple na jerin M suna da shi, amma katunan NVIDIA ba su samu ba sai a jerin RTX 50. Shi ya sa za ka ga kwamfutar gem mai Ryzen da RTX 3060 tana cijewa a kan bidiyon da ƙaramar MacBook Air ke bugawa sumul. Haka kuma Resolve ta kyauta a kan Windows ba ta cin gajiyar wannan ɓangare yadda Resolve Studio, wadda ake saye sau ɗaya a dala 295, take yi. Idan kana ɗaukar bit 8 mai 4:2:0, wannan sakin layi bai shafe ka ba.

Mac ko Windows

Tun da Apple ta fitar da furosesanta M1 a Nuwamba 2020 lissafin ya canza. Kowace MacBook ta jerin M tana zuwa da allo mai launin P3 da aka daidaita daga kamfani, tana aiki da ƙarfinta ɗaya ko a caji ko a batir, kuma batirin yana kai wuni a aiki mara nauyi. Ga wanda yake zaune inda wuta ba ta da tabbas, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Aibinta a fili yake: ba a ƙara RAM, ba a sauya ma'aji, gyaranta na da tsada. Air ba ta da fanka, don haka a dogon fitar da bidiyo tana rage gudu idan ta yi zafi. Yawancin M1 Air da ke yawo a kasuwar na hannu masu gig 8 da 256 ne. Ka yi haƙuri ka nemi mai gig 16. MacBook Pro inci 14 mai M1 Pro ta 2021 tana da fanka, da ramin mamorin SD, da HDMI, kuma har yanzu tana cikin mafi dacewa da wannan aiki.

A Windows, hanya biyu ce. Ko kwamfutocin aiki na hannu, irin Dell Precision da XPS 15, HP ZBook, da Lenovo ThinkPad jerin P, waɗanda galibi allonsu da jikinsu suna da inganci. Ko kwamfutocin gem irin Legion, TUF, Victus da Nitro, masu ba da ƙarfi mai yawa a kuɗi kaɗan, da sharaɗin ka binciki allon. Kayan gyaransu sun fi samuwa, kuma kana iya ƙara musu RAM sannu a hankali yadda aljihu ya ba da dama.

Zafi, ƙura da wuta

An gina yawancin kwamfutocin nan don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. A Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, watan Afrilu yana haura 40. Furosesa idan ya kai digiri 95 zuwa 100 yana rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone, sai ka ga aikin minti goma ya koma ashirin. Kada ka ɗora ta a kan katifa, filo ko darduma, domin ta ƙasa take shan iska. Ɗaga bayanta da ɗan katako ko matokari ko da inci ɗaya ne. Manyan ayyuka ka bar su sai dare ko asuba.

Ƙurar hunturu tana toshe haƙoran ƙarfen da ke bakin fanka har su zama kamar an manna musu auduga. A buɗe a share duk bayan wata uku ko huɗu, kuma a riƙe fankar da yatsa lokacin hura iska don kada ta yi juyin da ya fi ƙarfinta. Kwamfutar da ta shekara uku ko huɗu tana buƙatar a sauya mata man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi, ya riga ya bushe.

Kwamfutar gem tana zuwa da caja mai wat 150 zuwa 230, kuma da ka cire ta daga wuta ƙarfinta yana faɗuwa sosai, batirin kuma da wuya ya wuce awa ɗaya ko biyu a tace bidiyo. Idan sola ko inbata kake amfani da shi, yi lissafi: batirin ajiya mai wat-awa 500 zai riƙe na'ura mai jan wat 150 kusan awa uku kawai. Cajar M1 Air wat 30 ce. Sa abin kare hauhawar wuta tsakanin caja da soket, musamman a kan janareto. Idan kullum a caji take zama, kunna saitin da ke tsayar da caji a kashi 80 ko ƙasa, batirin zai daɗe bai kumbura ba.

Gwajin minti talatin a shago

Je da filas ɗinka ɗauke da RAW ashirin na kyamararka, da bidiyon minti biyu a saitin da kake ɗauka, da hotuna shida masu launi ɗaya zalla: fari, baƙi, ja, kore, shuɗi da ruwan toka. Haɗa da HWiNFO, CrystalDiskInfo da Cinebench. Gani ya kori ji, kuma mai shagon da ya yarda da kayansa ba zai hana ka zama ba.

Buɗe launukan nan ɗaya bayan ɗaya su cika allo. A fari za ka ga ɗigon da ya mutu da tabon da madannai suka bari, a baƙi za ka ga hasken da ke ɓullowa ta gefe, a ruwan toka za ka ga ko wani ɓangare ya fi wani ja ko kore. Sannan buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, ka kwatanta ƙarfin batirin na asali da wanda yake ɗauka yanzu. Ƙasa da kashi 70 na nufin ka sa kuɗin sabon batir a cikin ciniki. CrystalDiskInfo zai nuna lafiyar ma'ajin da awannin da ya yi yana aiki. Kunna Cinebench, manhajar da ke ɗora wa furosesa aiki mai nauyi, na minti goma kana kallon zafi a HWiNFO: idan ya manne a 100 kuma gudun ya faɗi ƙasa warwas, ko kwamfutar ta mutu, akwai matsala a sanyaya ta. Gwada kowane rami da filas, da kowane madanni, da sifika, da ƙarfin maƙalin murfi. Shiga BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka tabbata ba a kulle shi da kalmar sirri ba.

Idan Mac ce, duba adadin zagayen cajin batir, an tsara shi ya kai 1,000. Mafi muhimmanci, a goge ta a sake saita ta a gabanka tana haɗe da intanet. Idan ta nemi asusun tsohon mai ita, ko ta nuna cewa wani kamfani ne ke sarrafa ta daga nesa, kada ka biya ko sisi. A ƙarshe a rubuta maka rasit mai lambar na'urar da kwanakin garanti.

Bayan ka kawo ta gida

Kashe Night light a Windows, ko Night Shift da True Tone a Mac, da hasken da ke canza kansa. Rage hasken allo zuwa kusan nit 120, wanda a yawancin kwamfutoci bai wuce rabin ma'auni ba. Wanda yake gyara a cikakken haske yakan rage wa hotuna haske ba tare da ya sani ba, sai a wanko su a takarda su fito da duhu. Dogara da histogiram, zanen da ke nuna yawan haske da duhu a hoto, fiye da ido. Idan ka samu aron na'urar daidaita launi irin Spyder ko Calibrite, saita ta a 6500K da gama 2.2, masu hoto uku ko huɗu za su iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya, tunda sau ɗaya a wata ko biyu ake buƙatarta.

A Lightroom Classic, ajiye katalog a SSD na ciki, ka ɗaga ma'ajin wucin gadi na Camera Raw daga gig 5 zuwa 20 ko fiye, ka sa ta gina Smart Previews lokacin shigar da hotuna. A bidiyo, idan 4K yana cijewa, yi furoksi: ƙananan kwafi masu sauƙi da za ka yi yanka a kansu, manhajar ta koma kan na asali lokacin fitarwa. Premiere da Resolve duk suna yi. Bidiyon waya kuma yakan zo da gudun firam mai canzawa, abin da ke sa murya ta riga baki. Wuce da shi ta HandBrake ka mayar da shi tsayayye kafin ka fara. Wanda kuɗin Adobe na wata-wata ya yi masa nauyi, darktable da RawTherapee da GIMP kyauta ne, kuma sun fi fasassun manhajoji aminci, waɗanda sau da yawa suke zuwa da ƙwayar cutar da ke kulle fayiloli.

Mamorin kyamara ka nemi mai alamar V30 aƙalla don 4K, ka gwada sabo da H2testw kafin ka je aiki da shi, domin jabun da ke nuna gig 128 alhali 16 ne a ciki suna da yawa. Kada ka goge mamori sai aikin ya zauna a wuri biyu: kwamfutar da wani had-dis na waje, na uku kuma a wani gida ko a intanet idan data ta ba da dama.

Wajen fitarwa, zaɓi sRGB koyaushe, sai dai idan mai wanke hoton ya nemi wani abu daban. Don Instagram faɗin fiksel 1080 ya isa. Don takarda a ɗigo 300 cikin inci, hoton 4 a 6 yana buƙatar fiksel 1200 a 1800, na 8 a 10 kuma 2400 a 3000. Idan ta WhatsApp za ka tura wa mai aiki ko ɗakin wanki, tura shi a matsayin dokumen, in ba haka ba manhajar za ta matse shi ta rage girmansa kafin ya isa.